Kabejin da Yaya Ta Bari a Ƙasa

Ranar sadakar bakwai ta Yaya, bayan baƙi sun watse da la'asar, ga waɗanda suka rage a tsakar gidanmu na unguwar New Bell, a Duwala. Akwai babban ɗanta, mai shagon atamfa a kasuwar Mboppi, shi da matarsa. Akwai ƙaninsa, direban babbar mota, wanda labarin ya iske a hanyar arewa. Akwai 'yarta guda ɗaya da ke aure a Garwa. Sai limamin masallacin lungunmu, da 'yan kasuwa biyu mutanen Najeriya da ke haya a ɗakin ƙofar gida, da maƙwabciyarmu Kirista 'yar Bamileke wadda bango ɗaya ya raba mu. Sai ni. Ni ce matar ƙaninta. Mijina ya riga ta tafiya da daɗewa, 'ya'yana kuma kowa yana inda abincinsa yake, sun zo jana'iza sun koma.

Kowa da irin kukansa a makon nan. Babban bai zubar da hawaye gaban mutane ba, sai dai ya yi ta ba da umarni, a ɗauke kujera, a mayar da tukunya, a kwance rumfa, muryarsa a shaƙe. Ƙaramin ya yi ta ba mutane dariya da labaran uwarsa, can sai ya shige banɗaki ya daɗe, ya fito ido jajir. 'Yar kuwa tun da ta sauka daga mota ba ta saki zanen uwarta ba, da shi take kwana, da shi take share fuska. Ɗaya daga cikin mutanen Najeriyar nan, ƙato mai gemu, ya durƙusa gabana ya ce, "Hajiya, mun yi rashin uwa a ƙasar nan," bai iya ƙarasawa ba. Maƙwabciya ba ta jin Hausa sosai. Kowace safiya takan shigo ta riƙe hannuna ta ce, "Ashiya, mami," wato sannu da haƙuri, ta ɗan zauna, ta tashi ta tafi.

Ni ban yi kuka ba. An ce zuciyata busasshiya ce, na ji da kunnena, matar babban ce ta faɗa wa ƙawarta a bakin murhu. Hankalina yana bayan tagar ɗakina, inda lambun Yaya yake tsaye da kwaɗo a ƙofarsa, latas ya wuce lokacin cira yana neman shaƙe kabejin da ta dasa, ni kuma ba ni da ikon sa hannu.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata mata kabarinta, ya sa ta huta daga wahalar da ta sha. Na sa a rubuta wannan ne don na ga yadda ake mantawa a garin nan. Mutum ya mutu, a zuba siminti inda yake zama, a sa ɗan haya, shi ke nan. Ina so jikokinta su san wace ce.

Yayar mijina ce. A gidan nan aka haife ta, mahaifinsu ya sauko daga arewa da fataucin goro ya zauna. Da aka kawo ni gidan na same ta ta dawo da 'ya'ya uku, mijinta ya rasu, ƙaramin yana goye. Ba ta sake aure ba. Ranar da na shigo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, kin iya shara?" Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta kira ni da wani suna ba. Na yi furfura, haƙorana sun zube, jikokina sun yi aure, ina nan Amarya. Ba zan ce mun yi ƙawance ba. Ba ma zama hira, ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Ita mai magana ce, ni mai kallo. Amma tari idan ta yi a ɗakinta na san ko na mura ne ko na hayaƙi.

Da aka raba gadon mahaifinsu, maza suka kwashi ɗakuna, ita ta samu ɗaki guda da wani ɗan tsiri a bayan ɗakunan, tsakanin bango da lambatu, inda ake zubar da toka da fasassun tukwane. Tsawonsa bai fi tabarma huɗu ba. Kowa ya ce an cuce ta. Ita kuwa sai muka ga tana kwashe juji da kwano.

A lokacin tana zuwa kasuwar Sandaga da sassafe ta sayo ragowar ganye ta yi kwaɗo ta sayar. Can ta saba da wata mata mai kawo kaya daga ƙasar tuddai, ita ce ta ba ta 'ya'yan dashe na farko a naɗe cikin ganyen ayaba, latas da kabeji, abin da yaran yanzu ke ce wa salad da shu. Matar ma sai da ta gaya mata gaskiya, cewa latas zai yi, amma kabeji ɗan sanyi ne, ba ya son zafin Duwala da danshinta. Yaya ta ce ta ji. Ta dasa.

Shekara da shekaru kabejin nan yana yin ganye fala-fala, ya baje kamar faifai, ya ƙi dunƙulewa. Mazan lungu idan sun fito masallaci sukan leƙa ta saman shingen kwano su ce, "Gwaggo, yaushe kabejin naki zai naɗa rawani?" Wani mai gyaran babur ya fi kowa tsokana, sai ta ce masa, "Ranar da kai ka naɗa naka, ɗan nema. Je ka wanke hannunka tukuna." Ganyen da bai dunƙule ba ta yanka ta yi miya da shi, ba ta zubar da ko ɗaya. Sai wata shekara guda uku suka dunƙule, kowanne kamar dunƙulen hannun namiji. Ta ɗora ɗaya a faranti ta aika wa mai gyaran babur ɗin. Ba ta haɗa da saƙo ba. Shi ma bai ƙara leƙowa ba sai don gaisuwa.

Na san aikin nan duka da ido, don tagar ɗakina a kansa take. Sai manyan ruwa sun ɗauke take dasawa. Takan jera kabeji da tazara, kamu ɗaya da ɗan ƙari tsakanin wannan da wancan, sannan ta cika tsakanin da latas. Wurin ƙarami ne, ba ta yarda ƙasa ta zauna tsirara ba. Latas yana saurin tashi, ya rufe ƙasar, ciyawa ba ta samun fitowa, rana ba ta busar da gindin kabeji. Kafin kabeji ya buɗe fukafukansa an cinye latas ɗin. Kullum bayan sallar asuba tana durƙushe tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, tana tsince tsutsa da dodon koɗi cikin gwangwani, ta miƙa wa maƙwabciya ta saman bango don kajinta, ita kuma ta ba ta kashin kajin idan ya bushe. Shekaru suna wannan musaya, ɗaya da guntun Faransanci, ɗaya da guntuwar Hausa. Toka a gindi take zubawa. Ruwa ma a gindi, da gwangwanin da ta huda, ba ta taɓa kwara shi a ka ba, ta ce kabeji idan ya kwana da ruwa a tsakiyarsa ruɓewa yake. Da rana ta take ta jingina ganyen kwakwa a kan sanduna ta yi musu inuwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da ita shi ne ranar cirar latas. Matar da ke yi wa ganye magana kamar jariri, idan lokacin ya yi ba ta da tausayi. Cikin safiya biyu ko uku take tuge shi duka da saiwarsa, babba da ƙarami. Sau ɗaya na yi magana ta taga, na ce, "Yaya, wannan ƙaramin fa? Ki bar shi ya ƙara kwana biyu mana." Ba ta ɗago ba ta ce, "Amarya, wurin ba nasa ba ne. Aro na ba shi." Ta tuge shi. Ta ce idan aka bar latas ya wuce lokacinsa a zafin nan, miƙewa yake ya fid da kara a tsakiya, ya yi ɗaci, ya shanye takin, ya tare iska, shi bai ciwu ba, kabeji kuma ba zai dunƙule ba. An yi asarar biyu ke nan.

Babu mai shiga lambun nan. 'Ya'yanta iyakarsu ƙofa, su sauke buhun ƙasa ko na taki su juya. Ni ba ta taɓa ce mini shigo ba, ni kuma ban taɓa roƙo ba. Ba na roƙon mutum abu, haka Allah ya yi ni.

Mun yi faɗa sau ɗaya wanda ya isa a kira shi faɗa. Wata shekara ruwa ya sauka ba a lokacinsa ba, lambatu ya cika ya tumbatsa, baƙin ruwan unguwa da duk abin da ke cikinsa ya malalo ya bi ta lambun ya kwana. Da ya janye, Yaya ta wanke latas ɗin ta yanka a sunan jikata, ta jera a faranti da tumatir da albasa. Na ce ba za a ba baƙina ba. Na faɗa a gaban mata, ban rage murya ba. Na ce abin da ruwan najasa ya kwana a kansa, ɗanye kuma, ba zai shiga bakin maijego ba. Ta ce ta wanke sau nawa da gishiri. Na ce ko da sabulu ta wanke. Ta ɗauke farantin ta shiga ɗaki. Har yau ina kan bakata, gaskiyata ce, kuma da za a sake zan sake. Damina guda ba mu gaisa ba, sai ta bakin yara. Da rani ya zagayo sai na ga tana tara fasassun bulo daga inda ake rushe gini, tana jera su, ta ɗaga ƙasar lambun har gwiwa. Ba ta ce don ni ta yi ba. Da latas ya isa ci na buɗe ƙofata na tarar da kwano a rufe. Na ci, na wanke kwanon, na zuba mata gyaɗa a ciki na mayar. Maganar ba ta sake tashi ba a tsakaninmu.

Da mijina ya rasu na shiga takaba. Waɗanda suka zo gaisuwa suka ɗauke ƙafa bayan arba'in, gida ya yi tsit, ni kaɗai a ɗaki da bango huɗu. Yaya ba ta shigo ta zauna da ni ba, ta san ba zan so ba, ni ba a rarrashina. Sai ta dawo da aikinta gindin tagata. Tana tsinar tsutsa tana ba kabeji labari da ƙarfi. "Kai, ka ji an ce 'yar mai burodi ta haihu? Namiji. Sun ce da uban yake kama, Allah ya kyauta masa." Ko ta ce, "Tumatir ya yi tsada a Sandaga, motocin ba su iso ba, gada ce ta karye." Wanda ya yi tafiya, wanda ya dawo, wanda ɓarawo ya shiga wa, duk kabeji ya ji, ni ma na ji. Ƙaninta ne ya mutu, ita ma tana cikin nata ciwon, wani lokaci muryar takan tsaya a tsakiyar labari in ji tana jan hanci, sai ta ce, "Wannan toka da shiga ido take." Haka ta yi kowace safiya har na fita takaba. Ban yi mata godiya ba, ita ma da na yi da ta ce ba da ni take ba.

Ba ta sayar da abin lambun nan. Mutanen Najeriya da ke zuwa kasuwanci, waɗanda suka baro matansu a gida suna kwana uku-uku a ɗaki, su ta fi tausayi. Ta ce burodi da shayi ba abinci ba ne. Takan tare su a ƙofa da latas a leda ta ce, "Ungo, ka sa a burodinka, kada ka koma wa matarka kamar tsinke ta ce mu muka cinye ka." Wanda ya ce zai biya sai ta zage shi.

Ciwon ya zo mata a lambun. Ta gaya wa kabeji da safen cewa jibi za ta cire latas, na ji ta. Can na daina jin motsi, na leƙa na gan ta a jingine da bango, baki a karkace, gwangwani a ƙasa. Aka kai ta asibiti. Ta yi kwanaki ba ta magana, ido kawai. Na je na zauna gefenta, ta dube ni ta daɗe, leɓenta yana motsi. Ban san abin da take son faɗa ba, kuma ba zan ƙaga mata wasiyya ba.

Ranar da aka kai ta makwancinta, yaran masu gaisuwa suka fara kutsawa bayan ɗakuna suna tsinkar ganye, sai babban ɗanta ya sa kwaɗo a ƙofar lambun ya jefa makulli a aljihu. Daidai ya yi. Abin mamaci ba na kowa ba ne sai magada, ni kuwa ba na gadon yayar miji. Na san wannan ba sai an karanta mini ba. Ganye ɗaya idan na tsinka ba da izininsu ba, haƙƙi ne a wuyana. Sai na zauna ina kallo ta taga. Kullum latas yana ƙara tsawo, tsakiyarsa tana tsini, kabeji a ƙarƙashinsa yana neman iska. Abin da na iya shi ne ruwa, don ba da ruwa ba cin dukiya ba ne. Nakan zura buta ta tsakanin ƙarafan taga in tsiyaya. Layin farko kaɗai yake samu. Sauran sai raɓa.

Wannan shi ne abin da ke raina da muka zauna bayan la'asar ɗin nan. Liman ya yi addu'a, ya yi nasiha, ya ce a bar komai yadda yake har a zauna rabo. Babban ya ce to, ya kuma ce tun da ga kowa, gara a ji tun yanzu: ɗan filin bayan nan shi da ƙaninsa sun yi shawara za su gina magaza, ɗakin ajiyar kaya, 'yan kasuwa na nema. Ƙaramin ya sunkuyar da kai. Suka ɗan yi magana da Faransanci tsakaninsu, na ji sunan magini.

Ni ba na magana a taron maza. Ranar na yi.

Na ce, "Alhaji, ina da roƙo."

Duk suka juyo. Yaron da na yi wa wanka, na cire masa ƙaya a ƙafa, shi nake ce wa ina da roƙo. Ya ce, "Subhanallahi, Inna, roƙo kuma? Faɗi."

Na ce, "A ba ni izini in cire latas ɗin can. Ya wuce lokaci. In aka bar shi zai kashe kabejin. Kuma a bar kabejin a ƙasa har ya dunƙule, kafin a kawo siminti."

Kafin ya amsa 'yar ta ɗago daga cikin zanen uwarta. "A'a. Wallahi a'a. Ko ganye ɗaya kada a taɓa. Hannun Mama ne ya dasa su. A bar shi yadda ta bar shi, ni dai in dinga ganinsa haka har in tafi."

Ƙaramin ya ce, "Ke kuma, sai ki tafi da shi Garwa a jaka?"

"Ka yi mini shiru! Ku da kuke jiran a kai ta ku kawo magini!"

Babban ya ɗaga hannu. Ya dube ni ya ce, "Inna, kada ki ji haushi. Ke da ba ki taɓa sa ƙafa a lambun nan ba? Da gwiwar nan taki? Ni lambun nan ban ga abin da ya tsinana wa Mama ba sai ciwon baya. Ina yaro nake ɗauko mata kashin kaji a ka, in je makaranta yara su toshe hanci. Na ce ta daina, zan aiko mata da kabeji kowane mako daga Sandaga, manya, ta ƙi. A ciki kuma ta faɗi." Nan ya juya fuska wajen bango. Ban ga laifinsa ba. Shi ma da nasa ciwon.

Na ce, "Gaskiyarka ne, ban taɓa shiga ba. Ban ce a fasa gininku ba, filinku ne. Abin da ta dasa nake so ya kai."

Liman ya gyara zama ya ce abin da zai lalace idan an jira, magada suna iya yarda a cire a yi wa mamaciya sadaka da shi, amma sai duk ukun sun yarda, ba a tilasta wa ko ɗaya. Ƙaramin ya ce shi ya yarda tun jiya ma. 'Yar ta ce ita ba ta yarda ba.

Na miƙe da ƙyar na ce mata, "Taso." Ta zo don ba ta saba musa mini ba. Na ce wa babban ya buɗe mata, ita magajiya ce. Ya buɗe. Na tsaya a bakin ƙofa, ban tsallaka ba. Na ce, "Tsinko ganye ɗaya daga wancan dogon. Tauna."

Ta tsinka, farin ruwa ya fito a karan kamar nono. Ta sa a baki. Ta yamutsa fuska ta tofar.

"Na Mama ba ya ɗaci," in ji ta.

Na ce, "Don ba ta barinsa ya kai haka. Jibi ta ce za ta cire, ranar da ta faɗi. Duba ƙarƙashinsa."

Ta durƙusa ta ɗaga ganyen. Kabejin yana nan, tsakiyarsa ta fara lanƙwashewa ciki, ganyen ƙasa sun yi rawaya, tsutsa ta yi musu huda-huda. Ta daɗe a durƙushe. Sai ta fashe da wani irin kuka da ba ta yi ba duk makon, ba mai ƙara ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Na bar ta. Da ta tashi ta ce, "Inna, ki cire. Amma ba a gabana ba."

Babban yana tsaye bayanmu da makulli a hannu. Ya ce, "Har yaushe, Inna? Don in san abin da zan gaya wa magini."

"Har ya dunƙule."

"Wata ɗaya? Biyu?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yi ba."

Ya dube ni, ya dubi lambun. Ya ce, "Dakor, na yarda. Idan kin yanke na ƙarshe ki aiko a gaya mini. Daga nan kuma sai haƙuri, Inna, ba zan ƙara ba." Na ce ban nemi ƙari ba. Ya sa mini makullin a hannu da hannu biyu.

Da magariba suka watse. Babban da matarsa suka koma gidansu na Ndogbong, ƙaramin ya tafi inda ya ajiye motarsa, 'yar ta ce a gidan wanta za ta kwana, daga can za ta kama hanya. Aka bar ni da ɗakin Yaya a rufe, takalmanta a bakin ƙofa ba wanda ya tuna ya ɗauke.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na ɗaura tsohon zani na ɗauki kwano. Na buɗe kwaɗon na shiga. Wurin ya fi yadda nake ganinsa ta taga ƙanƙanta, da ƙyar mutum zai juya. Na dafa bulo na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara. Na kama latas na farko na ja yadda na ga tana yi, sai ya taso da ƙasa guda, ya fizgo saiwar kabejin da ke kusa har ya karkata. Ashe tana danne gindin kabejin da ɗaya hannun, bayanta ne ke kare mini ban taɓa gani ba. Na mayar da shi na danna ƙasa, na tsaya ina jiran a ce, Amarya, me kike yi haka. Ba a ce ba. Wani babur ya wuce a lungu. Na kama na biyu, na danne da hagu na ja da dama, ya fito shi kaɗai.

Ban yi shi cikin safiya biyu ba, na yi shi a ɗaya, don na san in na tashi ba lallai in iya sake durƙusawa ba. Rana ta fito ta same ni a layin ƙarshe. Na ware waɗanda ɗacinsu bai yi yawa ba na wanke na ajiye wa mutanen Najeriya a ƙofar ɗakinsu, sadakar Yaya. Sauran na miƙa wa maƙwabciya ta saman bango don kaji. Ta karɓa, ta leƙo ta ga ƙasa a buɗe tsakanin kabeji, ta nuna da hannu ta ce da guntuwar Hausarta, "Mami, iri? Ba ki bar ɗaya iri ba?"

Na ce, "A shuka a ina?"

Ta sauka daga kan dutsen da take takawa. Ni kuma na ɗauki gwangwanin nan mai huda, na cika shi a rijiya, na fara daga layin da butata ba ta kai ba, ina zubawa a gindi.